Littafin zanen itatuwa: da wace bishiya zan fara?

'Yar Funtuwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na sayi littafi marar layi da fensir, ina so in riƙa zana itatuwan bayan gidanmu tun daga wannan kakar har ta zagayo. Amma duk wadda na kalla sai in ji ita nake so. Ku taimaka da shawara.

Malamin firamare: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki ɗebo da yawa. Biyu ko uku sun isa, ki riƙa koma musu duk sati biyu, ki tsaya inda kika tsaya a zuwan baya. Ni da gawo da kuka na fara, na ba su shafi biyu masu kallon juna. A Agusta kuka ta cika fam da ganye, gawo kuwa tsirara, ƙaya da reshe kawai. A Janairu sai su yi musanya: gawo kore shar, awaki na tsintar 'ya'yansa, kuka ba ko ganyen miya. Ba banza ake cewa gawo ya ƙi ruwan Allah ba.

Bamaraɗe: Malam ya gama magana. Ƙari ɗaya: kwanan wata a saman kowane shafi, da ko an yi ruwa ko hazo. Shekarar farko ban rubuta ba, yanzu ina da zane ashirin ban san wanne ya riga wanne ba.

Hajiya daga Zariya: 'Yata, in akwai ɗorawa kusa ki sa ta a ciki. Wajen Fabrairu tuntunta ke saukowa, ja jawur, yana reto a dogon sili, ƙudan zuma na ta kewaya shi. Ki zana shi a girmansa na gaskiya, sannan ki jira kwanson ya nuna da bazara. Furen kuka kuwa sai da fitila. Da magariba yake buɗewa a farkon damina, fari tas, jemagu su yi ta zuwa, kafin wata magaribar ya yanƙwane.

'Yar Funtuwa: Hajiya, kala fa? Ba ni da fenti.

Hajiya daga Zariya: Fensir 2B, mai taushin nan, ya ishe ki wata shida. Ki rubuta launin a gefe.

Ɗan tsangaya: Ko tawadar allo da alƙalamin kara. Ƙaron da ke ciki yana kama takarda, kuma tana fito da tsagar ɓawon tsamiya fiye da biro. Sai dai ɗigon ruwa ɗaya ya ɓata aikin, a kiyaye.

Bamaraɗe: Kada dai ki yarda da ruwan zoɓo. Na shafa wa furen gurjiya shi, ranar kamar gaske, bayan wata biyu ya dusashe ya koma kalar dauɗa.

Malamin firamare: Haka ɗanyen ganye. Na taɓa cusa na kaɗanya a littafi tsakiyar damina, ya yi funfuna ya cinye mini shafi huɗu. A matse shi a tsohuwar jarida tukun, a riƙa canza ta. In kin tsinki tumfafiya, ki wanke hannu kafin ki taɓa ido, nononta ba wasa.

'Yar Funtuwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gawo muna da shi a bakin gona, kuka a ƙofar gida. Ɗorawar ce ta maƙwabci, sai na je na nemi izini.

Hajiya daga Zariya: Ki tafi masa da zanen gawon, zai bar ki.