Wace kalma za mu ba "memory safety"? Ni na tsaya a kan "kiyaye hurumi"

Jama'a, ku kawo shawara. Kwana uku ina fama da wani kuskure a wata manhajar harhaɗa aiki mai bin tsarin Make. Da na zo rubuta bayanin gyaran da Hausa, sai na cije a kan "memory safety", wato hana manhaja karatu ko rubutu a wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta.

Ga yadda abin yake. Make, manhajar da ke jagorantar harhaɗa wasu manhajoji, wadda Stuart Feldman ya ƙirƙiro a Bell Labs a 1976, duk inda ta ga $(CC) sai ta cire shi ta zuba abin da sunan ke riƙe da shi, misali gcc, mai fassara rubutun manhaja zuwa yaren na'ura. Wannan nake kira warware suna. Wani sunan ma akwai wani a cikinsa, shi ma sai an warware shi. Ana tara sakamakon a wani fili da aka ware a ƙwaƙwalwar kwamfuta. In ya cika sai a kira realloc ta C, wani yaren rubuta manhaja, ta faɗaɗa shi, kuma tana iya kwashe kayan kacokan zuwa wani wuri ta saki tsohon. To manhajar nan sai ta riƙe tsohon adireshin, ta ci gaba da rubutu a can. Sau da yawa aikin ya tafi lami lafiya, ran nan kuma ya rushe. AddressSanitizer, manhajar gano irin waɗannan kurakurai, ita ce ta nuna mini layin. Gyaran kansa ɗan kaɗan ne: a daina riƙe adireshi, a riƙe tazara daga farkon filin, a sake lissafi bayan kowace faɗaɗawa.

Wani ɗan'uwa ya ce mu ce "tsaron ƙwaƙwalwa". Malam, ban gamsu ba. Tsaro na ɓarawon waje ne, nan kuwa mai gida ne da kansa ya yi ɓarnar. Gaskiya ne ɓarawo kan shigo ta wannan kafa daga baya, amma ba shi ya buɗe ta ba.

"Lafiyar ƙwaƙwalwa" kuma likitoci sun riga mu.

Na so "cin iyaka" ƙwarai. Ta yi daidai da manhajar da ta zarce ƙarshen filinta ta shiga na maƙwabci, kafar da tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta a intanet, ta bi a 1988, da kuma Heartbleed, ɓarakar da aka gano a manhajar tsaro ta OpenSSL a 2014, inda aka karanta abin da ke bayan iyaka. Amma nawa kuskuren bai ci iyakar kowa ba. Wurin da ya rubuta, ɗazu nasa ne halak malak. Lokaci ne ya wuce shi.

Shi ya sa hurumi ta kwanta mini. Muna cewa "ba huruminka ba ne" ga wanda ya shiga abin da ba nasa ba, muna kuma faɗa wa wanda ya sauka daga muƙami amma bai daina ba da umarni ba. Kalma ɗaya ta ɗauki wuri da lokaci, kuma matsalar kwamfutar ma gida biyu ɗin nan ta rabu. Kenan laifin shi ne keta hurumi. Cin iyaka reshensa ne ɗaya. Ɗaya reshen, irin nawa, ina kiransa komawa kufai, ko da yake haɗarinsa ya fi haka: sau tari kufan an riga an ba wani ya zauna, kai kuma ka dawo kana rubutu a kan kayansa.

Na san za a ce ƙwaƙwalwar ta ɓace daga sunan. A ambaton farko a rubuta "kiyaye hurumin ƙwaƙwalwa", daga nan a taƙaita. Ku gwada ta a jimla: Rust yare ne mai kiyaye hurumi, C kuwa ta bar wa mai rubutu wannan nauyin. Ko kuma: a 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na kafofin tsaron da take toshewa daga keta hurumi suke. Harshe bai yi tuntuɓe ba.

Abin da na rubuta a bayanin gyaran shi ne: "An gyara komawa kufai wajen warware suna." Saura "pointer". Na yi ta cewa adireshi, wasu na cewa manuni. Wanne kuke amfani da shi?