Sabon bod: in kwaso ƙa'idojin tsohon aiki ko in fara daga farko?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina zana bod (allon da ake dasa kayan lantarki a kai) na cajar batirin sola a manhajar KiCad, volt 12, amfiya 20, da rile guda (makunni mai aiki da lantarki) mai kunna wutar Nepa. Duk abin da na saba yi ƙananan bod ne na ESP32 (ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura), volt 5 zuwa ƙasa. A Board Setup akwai wurin shigo da saiti daga wani bod. In shigo da na tsohon aikina in gyara, ko in zauna in tsara samfuri na daban? Bod mai fili biyu zan yi, sama da ƙasa, kuma jan ƙarfe mai kauri nake so.

Sola Master: Wa alaikumus salam. Koma manhajar EasyEDA kawai, ka huta. Kana gama zane ka tura oda.

Ɗan Kurna: Malam, ba manhaja nake tambaya ba.

Baban Ilham: Ɗan'uwa, tsaya ka ji. Inda na yi aiki a da, oga yana da samfuri guda da kowa ke buɗe sabon aiki da shi. Wani yaro da ya bar wurin ne ya tsara shi, kan na'urorin ƙirga mutane a ƙofa. Aka ce a yi bod mai sauya wuta tsakanin Nepa da janareto, aka buɗe da wannan samfurin. Tazarar da ke ciki milimita 0.2 ce ga kowane layi, har da layin volt 230. Aka danna DRC, wato binciken ƙa'idojin zane da manhajar ke yi, bai kawo kuskure ko ɗaya ba, don abin da aka ba shi ya duba ke nan. Bod ya yi aiki lafiya a shago. Aka kafa a gidaje, ƙurar hunturu ta kwanta a kai, damina ta zo da laima, wuta ta fara tsallakawa tsakanin layukan. Na wani Alhaji ya kama da wuta cikin dare, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da oga ya zo rabon laifi sai ya ɗora wa mu masu haɗawa, wai dalma muka zuba da yawa. Ya yanke mana albashi, shi kuma samfurin bai taɓa shi ba har na bar wurin.

Hajiya Volt: Subhanallahi. Ɗan Kurna, ka shigo da tsohon saitin don abin da masana'anta ke iya yi: girman huji, mafi ƙanƙantar layi, gefen bod. Amma rukunin layuka ka sake su gaba ɗaya. Ware rukunin wuta mai ƙarfi, tun daga KiCad 6 ana rubuta ƙa'ida ta musamman a fayil na kicad_dru. Ni tsakanin ɓangaren Nepa da ƙaramar wuta ba na sauka ƙasa da milimita 6, kuma ina yanka tsaga ƙarƙashin rile. Amfiya 20 kuwa ba aikin layi ba ne, malale fili za ka yi. In ka zaɓi jan ƙarfe mai kaurin maikiron 70 maimakon 35, sake duba shafin masana'anta, mafi ƙanƙantar tazara tana ƙaruwa.

Sola Master: Duk wannan wahalar a kan bod na dala 2? Masana'antar JLCPCB guda biyar dala 2. In ya lalace ka sake oda.

Mai Dalma: Dala 2 ɗin nan na ƙaramin bod ne mai jan ƙarfe na yau da kullum. Zaɓi mai kauri ka ga yadda kuɗin zai tashi. Ni odata ta ƙarshe kuɗin kawowa ya ninka na bod ɗin sau da yawa.

Sola Master: Ni ban biya haka ba. Cikin kayan wani ɗan Sabon Gari aka saka min.

Dakta A.: Ku bar kintace. Cikin ƙa'idojin zana bod na ƙungiyar IPC, IPC-2221 ta ba da jadawalin tazara gwargwadon volt, IPC-2152 kuma ta faɗin layi gwargwadon amfiya. Milimita 6 ɗin daga ina?

Hajiya Volt: Daga kan teburin gyara, Dakta. Jadawalinka bai san ƙurar Kano ba.

Dakta A.: Akwai matakin gurɓata a lissafin tazarar kan fuskar bod, Hajiya. An san da ƙura.

Mai Dalma: To ƙadangare fa? Rabin inbatocin da ake kawo min gawar tsaka nake tararwa a ciki. Wace lamba ce tata a IPC?

Baban Ilham: Ku yi dariya, ni albashina aka yanke.

Ɗan Kurna: To in raba samfuri biyu ke nan, na ƙaramar wuta da na babba?

Mai Dalma: Raba goma ma. In ka gama ka je kasuwa sayen MOSFET (transistan da ke buɗe wuta da rufewa), a ba ka IRF3205 na jabu wanda aka goge aka sake buga lamba. Na fasa guda na gani, ƙwayar cikin ba ta kai rabin ta gaske ba. Amfiya 20 za ta gasa shi ko da ka zana bod da zinare.

Sola Master: Wannan gaskiya ne. Wa ya san mai na asali? Wanda nake saya wurinsa ya fara haɗawa da na cire-cire.

Hajiya Volt: Ai na cire-cire daga tsohuwar UPS ya fi min sabon kasuwa. Nawa ake ba ku guda yanzu?