Ta ina za mu fara binciken matsalar ruwa kafin mu zaɓi abin da za mu ƙirƙira?

Ɗalibar digiri na biyu:

Assalamu alaikum. Mu biyar ne a rukuninmu, dukanmu ɗaliban digiri na biyu daga fannoni daban-daban, kuma an ba mu zango biyu na karatu domin mu gano wata matsalar ruwa a yankin da muke zaune, mu fito da sabuwar dabarar magance ta. Abin da ya dame ni shi ne, tun a zamanmu na farko abokan aikina biyu da ke karatun injiniya suka zo da zanen na'urar tace ruwa mai aiki da hasken rana, alhali ko gida ɗaya ba mu shiga mun tambayi masu shan ruwan ba.

Makon jiya na tsaya kusan awa biyu a bakin wani famfon burtsatse ina kallo. Ruwan da ke fitowa garau yake, amma na ga wani yaro ya tsoma yatsunsa cikin bokiti domin ya ɗaga shi, na kuma ga wata mata ta ɗauraye jarkarta da ruwan da ya taru a gindin famfon. Tun daga ranar nake kokwanto ko na'urar tamu za ta taɓa ainihin matsalar. Ina roƙon masana su ba mu shawara a kan abin da ya kamata mu fara aunawa, da yadda za mu zaɓi matsala ɗaya.

Injiniyan ruwa:

Wa alaikumus salam, Malama. Awa biyun nan da kika yi a bakin famfo sun fi zanen na'urar amfani a wannan mataki, domin abin da kika gani sanannen abu ne a aikin ruwa: ruwa yakan fito daga tushensa da tsabta, ya gurɓace a hanya ko a cikin mazubin da ake ajiye shi a gida. Saboda haka ku riƙa ɗaukar samfur biyu a kowane gida, ɗaya daga inda aka ɗebo ruwan, ɗaya daga kofin da ake sha, sannan ku kwatanta su. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samun ta alama ce ta cewa najasa ta shiga ruwan. Ku zuba samfurin a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, ku ajiye shi cikin sanyi, ku kai ɗakin gwaji cikin awa 6 idan da hali, kada dai ya wuce awa 24.

Kada kuma ku yarda da ido. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse a Bangaladash domin a raba mutane da ruwan kududdufi mai kawo kwalara da gudawa, kuma an yi nasara ta wannan fuskar, amma a 1993 aka tabbatar da cewa ruwan rijiyoyi masu yawa yana ɗauke da gubar asenik wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Daga baya sai da aka bi rijiyoyin ana gwadawa, ana shafa wa masu guba jan fenti, masu kyau kuma kore. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa asenik ita ce maikirogiram 10 a lita ɗaya, sinadarin fulorayid miligiram 1.5, sinadarin naitiret kuma miligiram 50. Kulorin, wato sinadarin da ake sa wa ruwa domin kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tafasa ruwa ma ƙara wa naitiret ƙarfi yake yi, tunda ruwan ne ke tafiya a tururi ya bar shi. Na'urar da za ta dace da ƙwayoyin cuta daban ce da wadda za ta dace da sinadarai, shi ya sa gwaji yake zuwa kafin zane. Idan lokaci ya ba ku dama, ku maimaita gwajin bayan an yi ruwan sama mai yawa, domin a lokacin ne rijiyoyi marasa zurfi suka fi gurɓacewa.

Ma'aikaciyar raya al'umma:

Na yarda da duk abin da Injiniya ya faɗa, sai dai ina so in ƙara tambayar da ɗalibai suka fi mantawa da ita, wato wane ne zai gyara abin idan ya lalace bayan kun karɓi takardar shaidarku kun watse. Ku duba abin da ya faru da PlayPump, famfon da aka haɗa da lilon yara mai juyawa a Afirka ta Kudu da Mozambik. A 2006 an sanar da tallafin dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi, kowa yana yabo, amma yara ba sa wasa daidai lokacin da gida ke buƙatar ruwa, sai ya zama mata ne ke tura lilon da kansu, ga tsada fiye da famfon hannu, ga shi idan ya tsaya ba mai gyara a kusa. Akasin haka, masu bincike a yammacin Kenya, cikinsu har da Michael Kremer wanda ya sami kyautar Nobel a 2019, sun kafa ƙaramin mazubin kulorin a bakin maɓuɓɓugar da ake ɗiban ruwa, mutum ya murɗa ya ɗiga a jarkarsa, kuma gidajen da ke amfani da kulorin suka ninka sau da yawa. Babu sabon sinadari a wannan aikin, wurin da aka ajiye shi ne kawai aka canza.

'Yar'uwa, ku ƙirga famfunan da suka mutu a yankinku, ku tambayi dalilin mutuwar kowane ɗaya da tsawon lokacin da ya yi a haka. Sau da yawa za ku tarar roba ce ƙarama ta cinye, ko kuma ba a san wanda ke riƙe da kuɗin gyara ba.

Malamin jami'a:

Ina roƙon kada a karya wa injiniyoyin rukunin gwiwa, domin mai yiwuwa gwaji ya nuna cewa tacewar ce ake buƙata. A ba su aikin auna ruwan, za su ga amsar da idonsu. Sannan ku auna yawa da lokaci tare da tsabta. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi, ba a cewa gida yana da ruwa daidai gwargwado sai idan zuwa da bin layi da dawowa ba su wuce minti 30 ba, domin idan tafiyar ta yi nisa mutane sukan rage ɗiba, wankin hannu kuma shi ne yake fara raguwa. Kafin ku shiga gidan kowa ku nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, kuma duk gidan da kuka gwada ruwansa haƙƙinsa ne ku koma ku faɗa masa sakamakon.

Ɗalibar digiri na biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun amince za mu jinkirta zanen na wata guda, mu fara da gwaji da ƙirgar famfuna. Injiniya, idan muka tarar matsalar a mazubin gida take, nawa ne kulorin da ya kamata ya rage a cikin ruwan?

Injiniyan ruwa:

Bayan minti 30 da zubawa a sami aƙalla miligiram 0.5 a lita, kuma lokacin da za a sha kada ya gaza 0.2. Idan ruwan yana da duhu ko laka, a bar shi ya kwanta ko a tace shi tukuna, domin dattin yana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar. A nan ne na'urar abokan aikinki za ta iya samun gurbi, don haka ku auna duhun ruwan tun a zagayen farko.