Dan Allah a taimaka, 'yan tsakina sai gyangyaɗi suke

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu kiwo ku taimaka min wlh hankalina a tashe yake. Watan jiya na kwashi adashi, niyyata keken ɗinki ne amma maƙwabciyata ta yi ta ba ni labarin kajin noila, wani irin kajin kiwo, wai wata uku zuwa huɗu zan sayar da riba, maigida ma bai so ba ya ce tsakar gidan ba fili ga yara, ni na nace har sai da na sa yayarsa ta yi masa magana sannan ya yarda, toh yanzu da wane ido zan kalle shi. Ranar Laraba na aiki yarona kasuwa ya sayo guda 25, mai sayarwa ya ce satinsu uku. Kwana biyu lafiya lau har wawason abinci suke. Tun jiya suka fara takurewa a lungu, gashi a tashe, fukafukai a sake, ido a lumshe. Yau da asuba na tarar biyu sun mutu, ta ukun a tafin hannuna ta ƙarasa ina ɗiga mata ruwan suga. Na jiƙa musu kafso ja da yalo da barkono. Me zan ƙara?

Hajiya mai ƙwai: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Ya kashinsu yake? Fari ne, kore, ko da jini? Kuma me kike ba su?

Malam na Funtuwa: Hajiya, cutar Gumboro ce wannan, ba sai na gani ba. Shekara da shekaru ina harkar nan. Tsakanin sati uku zuwa shida take kama su, kashi fari tsululu, duwawu ya jiƙe, su yi ta tsattsagar wajen. Ƙwayar bairos ce, kafso ba ya mata komai, asarar kuɗi kawai. Ki ba su bitamin da gulukos a ruwa, ki ɗumama ɗakin, ki ware marasa lafiyar. Kuskurenki tun daga kasuwa ne, ba a sayen tsaki a kwando, wajen dila ake zuwa a tambayi rigakafin da aka yi musu.

Mai tambaya: Malam ai mutumin ya rantse wa yarona an yi musu rigakafi duka, kuma wajensa maƙwabciyata ke saye nata ba abin da ya same su.

Anti mai buroila: Hmm rantsuwar 'yan kasuwa. Ni bara guda 50 na saya na azumi, ashe rejet, wato waɗanda aka ware don ba su da kyau, aka haɗa ni da su, sati takwas suna cinye min buhu ba su fi tattabara ba, da na koma ya ce wai ni ce ban iya kiwo ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuɗin marayu ne fa.

Ɗan Zariya: Ni ina ganin cutar Nukasul ce, lokacin hunturu ai ita ke share kajin unguwa. Ki nemi rigakafin Lasota ki ba su yau yau.

Malam na Funtuwa: Kai ɗan uwa kar ka ƙarasa mata su. Wa ya ce maka ana yi wa kaza marar lafiya rigakafi? Lasota kafin ciwo ake bayarwa. Kuma da Nukasul ce da ta ce kashi kore, suna haki, wuya na murɗewa. Ni rigakafin cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nake amfani da shi, a cikin ƙanƙara nake ɗaukowa, in ya sha zafi a hanya ya tashi aiki, shi ya sa da yawa za su ce sun yi alhali ruwa kawai suka ba su.

Mai tambaya: Hajiya yi haƙuri sai yanzu na gani. Na leƙa da tocila, kashin wasu ruwa ruwa ne mai fari, amma na ga ja ja kamar jini a kan buntun shinkafar da na shimfiɗa musu, waje biyu. Dusa da tsakin masara nake ba su, buhun sitata, abincin 'yan tsaki na kamfani, ya yi min tsada.

Hajiya mai ƙwai: Toh kin ji. Jini a kashi alamar koksi ce, wata cutar hanji, kuma jiƙaƙƙen buntu ke sa ta yaɗu. Ki kwashe shi yau ki zuba busasshe, ki ɗora mazubin ruwan kan bulo, ki sayi maganin amprolium a shagon maganin dabbobi ki bi yadda aka rubuta, kwana biyar ake yi. Bitamin ɗin ki bari sai kin gama, ba a haɗa su. Dusa kuwa ba ta riƙe ɗan sati uku, ko mudu mudu ne ki sayi sitata. Mafi alheri ki kai gawa ɗaya asibitin dabbobi a buɗe a duba.

Malam na Funtuwa: Na ce Gumboro ce. Ta ba su bitamin.

Inna ta Maraɗi: Mu dai ɓawon maɗaci muke jiƙa wa namu tun zamanin iyaye.

Mai tambaya: Buntun fa ba wani jiƙewa ya yi ba, gefen ruwan ne kawai, kuma kajin gida da nake da su a kan dusar nan suka girma. Asibitin da nisa, sai maigida ya dawo kuma ban ma faɗa masa ukun ba tukuna. Yanzu wanne zan bi, in ba da bitamin ko kar in ba? Ga wata can ta kwanta ta ƙi tashi.

Anti mai buroila: Tsaya, kajin gidan naki waje ɗaya suke da 'yan tsakin?