Fim mai kala a zauren kiɗa mai duhu: asara ce ko kuwa?

Mai HP5: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk wanda ya shiga zauren kiɗa mai duhu, fitilu ja da shuɗi suna yawo a kan dandamali, ya loda wa kyamararsa fim mai kala don ɗaukar hoto, to ya zubar da kuɗinsa. Baƙi da fari ne ke fitar da mutum kunya. Ka sa HP5 Plus, fim baƙi da fari, ka ɗauka a ISO 1600 (lambar saurin jin hasken fim), ka ƙara masa lokaci a ruwan wanki, shi ke nan.

'Yar 800T: Haba Yaya! Mai kunna fitilu ya sha wahala ya tsara ja da shunayya, kai kuma ka mai da su toka? Rabin abin da ya burge mai kallo a wurin launi ne. CineStill 800T, fim mai kala, ai don hasken dare aka yi shi.

Mai HP5: Don fitilar tungsten, wato tsohon ƙwan lantarki mai haske ruwan ɗorawa, aka daidaita shi, ƙanwata, mai 3200K a ma'aunin launin haske. Asalinsa fim ɗin silima ne na Kodak, Vision3 500T, aka cire masa baƙin shafen baya. Zaurukan yanzu kuwa yawanci LED ne. Ga jan zoben da yake yi wa kowace fitila mai ƙarfi, har ya cinye gefen kan mawaƙi.

'Yar 800T: Wannan zoben ni shi nake so. Idan kuma ba ka so, ga Portra 800, shi ma mai kala ne.

Tsohon Mai Wanki: Ku saurara, yara. Fim mai kala hawa uku ne: ɗaya na jin shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Fitilar zamanin da, ko an rufe ta da jan leda, launinta na da faɗi, sauran hawan suna ɗan samun rabo. LED ja kuwa ja ce zalla. Hawa ɗaya ya ƙoshi har ya wuce kima, biyu su tashi babu komai. Idan na ɗaga irin wannan nagatif ɗin a gaban fitila, sai in ga kumatu da goshi da hanci sun haɗe kamar an shafe su da fenti. A nan Mai HP5 ya yi gaskiya. Amma kada ya yi murna, domin jan hasken nan yana daskarar da fuska ko a baƙi da fari. Leɓe ya saje da fata, ba ka bambance su.

Mai HP5: Na yarda, Baba. Amma a baƙi da fari ina da fim mai saurin jin haske a hannuna. Akwai Delta 3200, akwai T-Max P3200 da Kodak ta dawo da shi a 2018. Mai kala ina zai samo wannan?

Tsohon Mai Wanki: Lambar da ke kan kwalin ba ita ce ainihin ƙarfinsa ba. Delta 3200 wajen 1000 yake, an dai ƙera shi ne ya jure ƙarin wanki. Kuma ƙarin wanki ba ya dawo da abin da haske bai taɓa ba. Wurin haske ya ƙara haske, inuwa tana nan baƙi ƙirin, tsakin hoto ya ƙaru.

Mai Kyamarar Gado: Ni a ganina ba fim ke kashe mutane ba, mitar haske ce. Tana ganin duhun bayan dandamali ta ce ka buɗe, sai fuskar da fitila ke duka ta ƙone. Ka auna fuskar kaɗai, ka kulle da hannu. Gilashin kyamara 50mm a buɗe a f/1.8, da saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa, idan mawaƙin na motsi. Ƙasa da haka sai hannun mai ganga ya zama hayaƙi.

'Yar 800T: Allah ya saka, Malam. Kuma a yi haƙuri da ɗan yatsa. Fitilun nan juyawa suke yi. Ni ba na dannawa a cikin ja zalla. Ina jira fari ko ruwan ɗorawa ya sauka a fuska, shuɗi ko ja ya tsaya a baya yana zana kafaɗa da gashi. A wannan daƙiƙar hawa ukun duk sun samu nasu.

Mai HP5: Idan kuma an ce waƙa uku kawai za ku ɗauka, ba filasha, mai fitilu kuma ya bar ja daga farko har ƙarshe?

'Yar 800T: To a ranar zan ciro HP5 daga jaka, Yaya. Amma kai cewa ka yi kullum asara ce, kuma wannan ban yarda ba.

Mai HP5: Ki turo nagatif ɗin, ba wanda aka gyara a kwamfuta ba. Baba ya duba mana.

Tsohon Mai Wanki: Ku turo duka biyun, kowa ya rubuta saurin da ya ɗauka da irin fitilar da ke wurin.