Mantuwa bayan tiyata: za a iya haɗa Eerdun Wurile da warfarin?

Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da aka yi wa Baba tiyatar ƙugu, shekarunsa 72. Tun da allurar barcin ta sake shi bai dawo daidai ba: yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, yana rikicewa a lissafin raka'o'i, mutumin da a da ba ya mance bashin naira goma. An duba sukari da gishirin jini, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, babu komai. Likita ya ce mu jira, na gaji da jiran.

Wani abokin kasuwancina daga birnin Hohhot na ƙasar Sin ya ba ni Eerdun Wurile, maganin gargajiyar Mongoliya mai haɗi kusan 30. Ban ba wa Baba ba, domin yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ina tsoron zubar jini.

Don Allah masana magunguna, haɗa su yana da haɗari?