Neman taimako: me zan kira "buffet" da "calorie" a shirin rediyo na gobe?

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirin lafiya na mako. Da yake azumi ya ƙarato, maganar da za mu yi ita ce buɗa-baki a otal-otal da manyan gidajen abinci, irin wanda ake jera kwanuka a dogon tebur, mutum ya biya kuɗi sau ɗaya ya yi ta zubawa. Kalmomi biyu suka tsaya mini a wuya, buffet da calorie. Baƙuwata masaniyar abinci ce, da Turanci ta yi karatu, in ban tanadar mata Hausar ba rabin shirin da Turanci zai tafi.

Abin yana raina tun bara. Na raka yayata mai ciwon suga irin wannan wuri. A gida ta san ludayinta, ta san malmalar tuwonta, har littafi gare ta da take rubuta abin da ta ci. A can sai ta tsaya da faranti a hannu, kwanukan ƙarfe sun fi ashirin, kowanne da 'yar wuta a ƙarƙashinsa, mai ya taso ya kwanta a saman miya. Ta ɗan taɓa nan ta ɗan taɓa can, a ganinta ba ta ci komai ba. Da dare muka gwada suga, ya hau sosai. Irinta nake so su gane shirin nan. Don Allah a taimaka.

Mai Fassara a Kaduna:
Wa alaikumus salam. Buffet, ɗebi-da-kanka. Ginin ba baƙo ba ne, ga dafa-duka, ga faɗi-ka-mutu, ga a-kori-kura. Calorie kuwa ki bar shi kalori, kamar yadda muka bar lita da kilo da mita.

Mai Girkin Biki:
Hajiya, mu da muke sana'ar, bufe muke cewa, kuma uwar amarya tana ganewa. In za a fassara, zuba-da-kanka ya fi mini daɗi, don abinci zuba shi ake yi. Amma ki lura, ba kowane bufe mutum yake zubawa da kansa ba. Ni yara nake tsayarwa a bayan tebur da cokulan zubawa, musamman wajen nama, in ba haka ba mutum hamsin na farko su tashi da kajin mutum ɗari biyu.

Mai Shirin Lafiya:
Na gode. To in mace ce fa, sai na ce ɗebi-da-kanki?

Mai Fassara a Kaduna:
A'a Malama, harɗaɗɗen suna ba ya sauya riga. Ko mace ce ta saya, faɗi-ka-mutu sunansa.

Ɗan Maraɗi:
A wajenmu ba a wahala da wannan, bufe ne, harafin ƙarshe ba a furta shi. Kalmar ma ta Faransanci ce, asalinta sunan kabad ɗin da ake jera kwanuka da abinci a kai. Turawan Ingila aro suka yi. In su ba su ji kunyar ara ba, mu mene ne namu?

Tsohon Malamin Hausa:
Na karanta duka, raina bai yi daɗi ba. Shekara talatin da wani abu na yi ina koyar da harshen nan, kullum aka zo wajen aiki sai a ce a ara. Muna da ciyayya. Lokacin da muke yara kowane gida ya fito da akushinsa ƙofar gida bayan magariba, a jera, kowa ya sa hannu inda yake so. In wannan ba buffet ba ne, mene ne? Calorie kuma na daɗe da ƙirƙiro masa suna, ƙonau. Jiki ƙona abinci yake yi, kuma ginin yana nan a mantau da makarau da jimrau. A ce farantin nan yana da ƙonau 600. Ina laifinsa? Na ba ɗalibaina, sun karɓa.

Mai Girkin Biki:
Allah ya gafarta Malam, a ciyayya ba a biyan kuɗi, kuma kowa da abin da ya kawo. In na ce wa mai biki zan yi mata ciyayya, za ta ɗauka baƙi ne za su zo da kulolinsu.

Ɗalibin Kimiyya:
Kafin a zaɓi suna, a san abin da ake raɗa wa. Kalori ma'auni ne, ba wani abu ba ne da ke cikin abinci da za a tsame shi. Shi ya sa nake roƙon Anti kada ta ce "sinadarin kalori" ko "sinadarin ƙiba" kamar yadda nake ji a wasu shirye-shirye. Wanda ake rubutawa kcal a jikin kwalin biskit ko gwangwanin madara, shi ne yawan zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas. Giram ɗaya na abinci mai sitaci ko suga yana ba da kusan 4, giram ɗaya na furotin shi ma 4, giram ɗaya na mai ko kitse 9. Wani Ba'amurke, Wilbur Atwater, ya daidaita wannan lissafi a ƙarshen ƙarni na 19, har yau da shi ake aiki. Tushen kalmar calor ne, zafi a harshen Latin. Don haka Baba Malam bai yi nisa da gaskiya ba da ya kawo ƙonawa. Matsalar ƙonau ita ce mantau da makarau mutane ne masu wata ɗabi'a, to ƙonau zai zama mai yawan ƙona abu ke nan.

Tsohon Malamin Hausa:
Yaro, a kimiyya na sallama maka, a nahawu ban sallama ba. Fiddau fa? Takardar da aka yi kuskure a cikinta aka fitar, mutum ce?

Ɗalibin Kimiyya:
Na karɓi gyara, Baba. Amma kunne fa? In aka ce tuwo yana da ƙonau da yawa, Inna a gida ƙanzo za ta tuna.

Mai Fassara a Kaduna:
Abin da nake gudu ke nan. Zafin abinci ma na taɓa gwadawa a wata takardar asibiti, masu karantawa suka ɗauka yaji ake nufi. Kuzari ko makamashi sun fi kusa, amma su fassarar energy ne, ba ma'auninsa ba. Nisa daban, kilomita daban.

Tsohon Malamin Hausa:
Ku 'yan fassarar ofis ku kuka kashe mana harshe. Ana biyanku da shafi, kuna sauri, duk abin da ya yi wuya ku manna masa wasali a ƙarshe ku ce Hausa ce. Yau kalori, gobe bufe, jibi yaranmu ba su san akushi ba.

Mai Fassara a Kaduna:
Ranka ya daɗe, wannan magana ta yi mini zafi. Shekara goma sha biyu ina fassara takardun rigakafi da na awon ciki, ina zuwa ƙauye in karanta wa mata in ga ko sun gane. Mudu da muke awo da shi daga Larabci yake, sukari ma haka. Asibiti da tebur da kanti daga Turanci. Me ya sa aron da ya zo ta hannun malamai ya zama ɗan gida, wanda ya zo ta hannunmu ya zama agola?

Basakkwace:
Ni abin da ke ɓata mini rai daban ne. Duk sanda aka ce daidaitacciyar Hausa, Kano ake nufi, sai ka ce mu sauran haya muke yi a harshen. An tambayi mutanen Sakkwato ko Katsina me suke cewa kafin a yanke?

Ɗan Maraɗi:
Balle mu, da ba a tuna da mu sai an zo ƙirga yawan masu jin Hausa a duniya.

Mai Shirin Lafiya:
Don girman Allah 'yan'uwa, ƙarfe 9 na dare ta wuce, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Malam Basakkwace, in akwai kalma a wajenku ka kawo, wallahi zan karɓa da hannu biyu.

Basakkwace:
Gaskiya mu ma bufe na ji ana cewa. Amma tambayar ita ce girmamawar.

Hajiya daga Jidda:
Bari in ba ki abin da na gani a nan. Larabawa ma ara suka yi, bufe maftuh suke cewa, wato buɗaɗɗe, wanda za ka ci iya cinka. Alhazanmu da suka sauka a otal-otal na Makka da Madina sun san shi sarai. Amma calorie sun yi masa nasu, su'urat harariyya, daga harara, zafi. Tun 2019 hukuma a Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin a jikin takardar zaɓen abinci, shi ya sa kalmar ta zauna a bakin mutane, kullum suna ganinta. Ina ganin Malam yana da hujja cewa ana iya ƙirƙira. Sai dai kalma ba ta zama da dare ɗaya, ke kuma gobe za ki yi magana.

Ɗalibin Kimiyya:
A Amurka ma tun watan Mayun 2018 gidajen abinci masu rassa 20 zuwa sama dole su rubuta, har da abincin da mutum ke ɗiba da kansa.

Mai Fassara a Kaduna:
Maganar Hajiya ta nuna mini inda na gaza. Abu biyu ne muke cusawa a kalma ɗaya. Akwai tsarin jera abinci mutum ya zaɓa, shi ne ɗebi-da-kanka. Akwai kuma tsarin biya sau ɗaya ka ci ba iyaka, wanda gidajen cacar birnin Las Vegas na Amurka suka yi suna da shi tun shekarun 1940. Na biyun shi ne ya kayar da yayarki. Shi sai a ce ci-iya-cinka.

Ma'aikaciyar Jinya:
Na jira a gama rigima kafin in sa baki. 'Yar'uwa, ko wane suna kika zaɓa, kada ki ce wa mutane su ƙirga kalori a wajen nan, don ba zai ƙirgu ba. Ba ki ga man da aka zuba a soyayyar shinkafa ba, ba ki san sukarin da ke cikin zoɓo ba. Ƙiyasi za a yi. Babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, to dubi ludayin miyar da aka kwaso daga sama inda man ya taru. Kwalbar lemo mai zaƙi ta santilita 35 kusan 150 ce, ƙaramin cokalin sukari 16. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa wajen 200. Mutum babba ana yi masa ƙiyasin 2,000 a yini a jikin kwalaye, kodayake ya danganta da jiki da aiki.

Abin da yake cin mutane shi ne yawan kala. In tuwo ne kaɗai a gabanka, harshe yana gundura ka tsame hannu. In ka gaji da shinkafa ga sambusa, ka gaji da ita ga farfesu, ga kek, sai cin ya dawo sabo. Ga kuma zuciya tana cewa ai na biya. Abin da nake gaya wa masu zuwa wajenmu: ka zaga teburin duka hannu wofi kafin ka ɗauki faranti, ka zaɓi abu uku ko huɗu, rabin farantin ganye da salak, ka nutsa ludayi ƙasa ka bar man a sama, ka ɗauki gasasshe ka bar soyayye, ka zauna nesa da teburin, ka jira kamar minti 20 kafin ka yanke shawarar komawa. Mai ciwon suga kuma ba kalori kaɗai zai duba ba, sitaci da zaƙi ne suka fi saurin ɗaga masa suga, kuma ya ga likitansa kafin ya fara azumi, saboda lokacin shan magani yana sauyawa.

Tsohon Malamin Hausa:
Wannan baiwar Allah ta yi magana mai amfani. In za ki rufe shirin, 'yata, ga aya ta 31 a Suratul A'araf, ku ci ku sha kada ku yi ɓarna. Ga kuma hadisin da ya kasa ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Masu saurarenki sun san wannan tun kafin su ji kalori.

Mai Shirin Lafiya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na rubuta a buɗewa, a duba mini:

"Yau za mu yi magana a kan cin abinci a wuraren ɗebi-da-kanka, waɗanda aka fi sani da bufe, musamman irin na ci-iya-cinka da ake yi lokacin buɗa-baki. Za ku ji muna cewa kalori. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kamar yadda lita take ma'aunin ruwa. In abin da ya shiga ya fi wanda jiki ya ƙona, ragowar ta zama kitse."

Daga nan kalori kawai zan riƙa cewa, kuma ƙiyasi zan ce maimakon ƙirge. Baba Malam, ka gani na sa ƙonawa a ciki. Ƙonau ɗin dai ba zan iya ɗaukarsa gobe ba, ina tsoron a juya mini ma'ana a kan maganar lafiya.

Mai Girkin Biki:
Ya yi. Ni dai har yanzu zuba ya fi mini ɗebi, amma ba zan hana ki barci ba.

Tsohon Malamin Hausa:
Ɗebi-da-kanka na amince, ci-iya-cinka ma ba laifi, a sa musu karan-ɗori in an zo rubutawa. Kalori ban yarda ba, kuma ƙonau zan ci gaba da koya wa duk wanda ya zo gabana. Ki gyara "ragowar ta zama kitse", ki ce "sai jiki ya adana ragowar a matsayin kitse", ya fi fita. Yaushe ake sa shirin?

Mai Shirin Lafiya:
Na gyara, Baba. Ranar Asabar bayan la'asar, a maimaita Lahadi da safe.